Yadda za ku buɗe masaukin 'yan jinya a garinku ba sai kun jira gwamnati ba

In anka ba yaro gado a babban asibiti, mutum ɗaya ake bari ya kwana wurinshi, galibi uwa. Amma kowa ya san ba mutum ɗaya ke tasowa daga ƙauye ba. Akwai uban da zai riƙa zirga-zirgar sayen magani da kai jini gwaji da neman wanda zai ba da jini, akwai goggo ko kaka da anka ɗauko don ta riƙe goyo, wani sa'in har da ƙanen mara lafiyar tunda babu wanda za a bar ma shi gida. In dare ya yi duk waɗannan baranda ce makwancinsu, ko gindin dogon yaro, ko bayan masallacin asibiti. Ku duba da kyau in kun je dubiya bayan isha'i, za ku ga an warware kwalin taliya an shimfiɗa, an yi matashi da ƙullin kaya, buta gefe guda, kular abinci da tuwon shekaranjiya ciki, an ɗaure takalma da igiyar zane don kada a wayi gari babu su. Da damina a jiƙe, da hunturu a ƙanƙare, da bazara kuwa siminti na mai da zafin da ya sha da rana har tsakar dare.

Mu nan Kebbi da Zamfara abin ya fi tsanani don manyan asibitocinmu 'yan kaɗan ne kuma duk suna babban gari. Mutumin Zuru ko Yawuri ko Kamba ko Bagudo in ciwo ya fi ƙarfin asibitin garinsu sai Birnin Kebbi, ko asibitin Sir Yahaya ko na koyarwa na tarayya ko na Kalgo. Mutumin Shinkafi, Zurmi, Anka, Gummi, Dansadau sai Gusau, asibitin tarayya na FMC ko na Yariman Bakura ko asibitin mata da yara na King Fahad. In can ma abin ya gagara a rubuta takarda a ce sai asibitin koyarwa na UDUTH a Sakkwato ko na Shika a Zariya. Kuma hanyoyin nan ba irin waɗanda ake cewa bari in je gida in kwana in dawo da safe ba ne, kowa ya san halin da ake ciki, la'asar na yi direba mai hankali ya aje mota.

Abin da ya sa nike ganin wanga batu ya wuce tausayi kawai shi ne, rashin wurin kwana da abinci na cikin abin da ke sa a katse magani. Uba ya sayar da akuya biyu da buhun gero ya taho, kuɗin magani ya ci rabi, sauran ya tafi ga sayen shinkafa da wake bakin get da ruwan leda da cajin waya. Sati biyu sai ka ji ya ce ma nas, sista a ba mu takarda mu sa hannu, za mu koma gida mu gwada na Hausa. Ba don bai son ɗanshi ba, aljihu ne ya ƙare kuma ga gona an bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na yaran da ke da ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu kuwa bai kai kashi 30 ba, kuma barin magani a tsakiya na cikin dalilan da ta lissafa. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin aƙalla kashi 60 kafin 2030. Maganin ciwon daji, wato kansa, ba allura ɗaya ba ce, zagaye-zagaye ake yi, a yi wannan a huta makonni a dawo, wata da watanni.

Ba kansa kaɗai ba. Ga masu sikila da ke kwanciya a kai a kai, ga tamowa mai tsanani, ga yaran da wuta ta ƙona, ga cutar noma mai cin fuska da ake ma aiki a asibitinta na Sakkwato, wanda sau da yawa ba aiki ɗaya ake yi ba. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su mance 2010 ba lokacin gubar dalma, yara sama da 400 sunka rasu, waɗanda anka ceto kuwa sai da uwayensu sunka yi makonni suna zaman jinya. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai bakwaini. An sa jariri cikin kwalba, ɗakin ba a kwana ciki, ita kuma ana bukatarta duk bayan awa biyu ko uku ta tatsi nono, ga ta da ɗanyen jego ko ma ɗinkin tiyata, babu ruwan zafi babu kunun kanwa. Wannan in babu ɗaki kusa ina za ta sa kanta?

Wasu sun riga mu gane haka

A Filadelfiya ta Amurka anka buɗe gidan farko na Ronald McDonald House, masaukin iyayen yaran da ke kwance asibiti, a 1974. Wata likitar kansar yara, Dakta Audrey Evans, ita ta gaji da ganin iyaye na kwana kan kujeru, sai anka haɗa ta da mutanen ƙungiyar ƙwallon Philadelphia Eagles, don ɗan wasansu Fred Hill 'yarshi ta yi fama da kansar jini, kamfanin abinci na McDonald's ya tara kuɗin sayen gidan. Tsohon gida ne anka gyara kusa da asibiti, yau ga shi akwai irinshi a ƙasashe sama da 60, har da Johannesburg cikin asibitin yara na Nelson Mandela. A Ingila akwai ƙungiyar The Sick Children's Trust mai irin wanga aiki tun 1982. A Afirka ta Kudu iyayen yara masu kansa ne da kansu sunka kafa ƙungiyar CHOC a 1979, kuma tana da gidaje kusa da asibitoci. A Tanzaniya akwai Ujasiri House a asibitin Muhimbili na Darussalam. Mu babu McDonald's a Najeriya, kuma ba mu bukatarshi, wanda ke da wakafi da zakka da al'adar saukar baƙo ai ba sai an koya mashi ba. Abin da za mu ɗauka gare su shi ne tsari, musamman guda biyu, asibiti ke turo wanda zai sauka, kuma ba a korar kowa don bai da kuɗi.

Ku fara da asibiti, ba da bulo ba

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fara da neman fili da zanen gini da ranar aza harsashi. A'a. Ku tashi mutum biyu ko uku ku je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, wanda ma'aikata ke ce ma soshal walfiya, sannan ku nemi ganin babbar nas ta ɗakin yara da ta ɗakin jarirai. Ku tambaye su: mutum nawa ke kwana waje a dare, daga ina sunka fi zuwa, wane wata anka fi cika, su wa ke daɗewa. Za ku ji cewa daga tsakiyar damina zuwa kaka ɗakin yara cika yake da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, wannan kuwa zai gaya muku lokacin da gidan zai fi shan nauyi. Daga nan ku rubuta ma shugaban asibitin takarda, ku ce ga mu, ga abin da muke so mu yi, ba magani za mu ba da ba, wurin kwana ne da abinci. Ku nemi a amsa a rubuce. Shugabanni na sauyawa, takarda ce ke zama cikin fayil.

Wani asibitin ma yana iya cewa ga wani tsohon kwatas ko sito da ba a amfani da shi, ku gyara. In anka samu haka ya fi komai, sai dai a rubuta shekara nawa anka ba ku da wa ke da makulli, don kada ku gama fenti da sola a wayi gari an mai da shi ofis.

Kwamiti kada ya wuce mutum bakwai. A samu nas ko likita mai ritaya, malami ɗaya da ake jin maganarshi, wanda ya iya lissafi, ɗan kasuwa, da mata aƙalla biyu, kuma ba matan ado ba, waɗanda za a ji ta bakinsu, don kusan duk masu kwana gidan mata ne. In da hali a sa wanda ya taɓa zaman jinyar ɗanshi na dogon lokaci, shi ya san inda ke ciwo. Ɗan siyasa ya ba da gudunmawa a yi mashi godiya da addu'a, amma kada a liƙa hotonshi bakin ƙofa kada a yi fenti da kalar jam'iyya, don ranar da gwamnati ta sauya gidan zai zama maraya.

Gidan kanshi

Haya za ku fara da ita. Shekara ɗaya ko biyu, ɗaki huɗu zuwa shida sun isa gwaji. Abu na farko da za a duba shi ne nisa: uwa ta iya takawa da ƙafa daga gidan zuwa get ɗin asibiti cikin minti goma, da dare, ba tare da ta bi lungu mai duhu ko ta tsallake babban titin tireloli ba. Gidan da sai an hau kabu-kabu ko keke napep, komai kyanshi, za ku ga mata sun gwammace baranda don kusa da ɗiyansu. Kada dillali ya ruɗe ku da tayil da silin.

Na biyu ruwa. Mai jinyar yaro wanki take yi kullum, zannuwa, kashi, amai, don haka in babu bohol ko rijiya mai ruwa har bazara to ku lissafa kuɗin 'yan garuwa tun yanzu ku ga ko za ku iya. Tanki sama, igiyar shanya mai yawa, wurin wanki da magudana mai tafiya. Makewayi aƙalla biyu ga mata, ɗaya daban ga maza, da wurin wanke hannu da sabulu bakin kowane. Sola ƙarama ta isa, fitila, fanka, da wurin cajin waya mai baki da yawa, wanga na ƙarshe kada ku raina shi, waya ita ce hanyar da kuɗi ke zuwa daga gida. Katifa a sa mata leda mai kauri, kowace shimfiɗa da gidan sauro, kowane mutum da ɗan akwati ko loka mai kwaɗo. Tagogi a sa raga.

Fasalin gidan Bahaushe ma ya riga ya warware matsalar maza da mata: mata da ƙananan yara cikin gida, maza a zaure ko shagon waje da ƙofarsu daban. Namiji ko mijin mace ne bai shiga ciki, ta fito su gana a zaure. Ku tanadi ɗaki ɗaya ƙarami ku bar shi ga mai jego ko wadda yaronta ke tsakanin zagayen maganin kansa, bayani na zuwa.

Dole a samu uwar gida, dattijuwa mai haƙuri amma mai tsare gida, wadda za ta kwana nan, kuma a biya ta albashi. Aikin sa kai na wata uku ne, daga nan kowa ya koma sabgarshi. Haka maigadi. In uwar gidan na jin Fulatanci ko Zabarmanci ko Dakarci ƙari ne babba, don Birnin Kebbi na samun mutane daga Zuru har daga tsallaken iyakar Nijar da Benin, kuma gidan na duk wanda ɗanshi ke kwance ne, Musulmi ko Kirista, ba a tambayar wannan bakin ƙofa.

Wa zai sauka

Nan ne gidaje irin wannan ke lalacewa, don haka zan ɗan daɗe. Ku buga ƙaramin kati, nas mai kula da ɗakin ko ma'aikacin walwala ya cika: sunan yaro, lambar fayil, ɗakin da yake kwance, garin da anka fito, sunan masu jinya, ya sa hannu da hatimi. Babu kati babu ɗaki. Ko shugaban kwamiti ne ya bugo waya ya ce ga 'yar uwar matata nan, a ce mashi ranka ya daɗe ta biya ta wurin sista ta karɓo kati. In kun karya wannan sau ɗaya, wata shida gidan ya koma masaukin dangin masu gida da 'yan biki.

In wuri ya yi kaɗan, a rubuta wa ke gaba tun kafin rigima ta taso. Ni a ganina mai jariri a kwalba ita ce farko, sai wanda yaronshi ke cikin mawuyacin hali, sai masu dogon magani, kuma na nesa ya riga na kusa. Ɗan cikin gari mai gida ba ya ciki sai da lalura. Kowane yaro mutum biyu, in da goyo ba a lissafa shi. Duk mako a sabunta katin, in an sallami yaro a ba su daren nan su kwana su kama motar safe, kada a fitar da kowa da yamma ya hau hanya.

Akwai abu mai nauyi da za ku gamu da shi, musamman a Gusau: waɗanda an sallame su amma babu gidan komawa, an tashi ƙauyensu. Zuciya za ta ce a bar su. In kun bar su, cikin wata biyu babu sauran shimfiɗa ga wanda ɗanshi ke kan gado. Ku yanke tun farko kwana nawa za a ƙara musu, sannan ku san wa za ku haɗa su da shi, hukumar agajin gaggawa ta jiha, hukumar zakka, ko mai unguwa. Ba daɗi, amma gida ɗaya bai ɗaukar kowace matsala.

Saboda yanayin tsaro ku sanar da mai unguwa da uban ƙasa da ofishin 'yan sanda na yankin kafin ku buɗe, ku aje rajista mai suna da gari da lambar waya da ranar shiga da fita. Maƙwabta na ganin baƙin fuska na shiga da fita za su fara ƙus-ƙus, gara su ji daga bakinku.

Dokokin gida

Kada su yi yawa, kuma uwar gida ta faɗe su da baki ranar da mutum ya sauka don ba kowa ke karatu ba. Gidan ba asibiti ba ne: ba a allura, ba a ƙarin ruwa, ba a sayar da magani, mai tallar sassaƙe da jiƙo bai shigowa. Abincin tamowa da asibiti ke ba yaro na yaron ne, ba a rabawa ba a sayarwa. Ba a kunna gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da hunturu, hayaƙin nan da ba a gani yana kisa cikin barci, haka janareta kusa da taga. Ba a barin yaro shi kaɗai da wanda ba nashi ba, ko ma'aikacin gidan ne.

Sai batun yaɗuwar cuta, wanda shi ne haɗarin tara mutane wuri ɗaya. Duk mai tari na fiye da sati biyu, mai ƙuraje irin na ƙyanda ko ƙarambau, mai amai da gudawa, mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a mai da shi asibiti a duba shi kafin ya shiga cikin mutane. Dalili, yaron da ke shan maganin kansa garkuwar jikinshi na faɗuwa ƙwarai, ƙarambau da wani yaro zai yi ya tashi shi tana iya tafiya da shi. Wannan ne amfanin ƙaramin ɗakin da na ce a ware. A aje ma'aunin zafin jiki, in irin wanga yaro ya kai 38 ba a jira safiya ba a tsaya ba shi farasitamol a ga abin da zai faru, asibiti ake nufa nan take ko ƙarfe biyun dare ne. Don haka ku shirya da mai keke napep ɗaya ko biyu na unguwar da za a iya bugawa kowane lokaci, a liƙa lambarsu jikin bango tare da ta ɗakin yara.

Hoto kuma, don Allah a bari. Na san hoton yaro mai kumburarren ciki shi ke kawo kuɗi a Facebook, amma uwar da ke cin tuwonka ba ta iya ce maka a'a ko ranta bai so. Ku ɗauki hoton buhunan hatsi da tanki da rasit. Mai son ganin inda kuɗinshi ke tafiya ya zo ya gaida mutane a zaure ya aje waya cikin aljihu.

Tukunya

Wasu na cewa a ba kowa murhu ya dafa nashi. Wannan na kawo faɗan icce da na tukunya da haɗarin gobara, kuma wadda ba ta da abin dafawa za ta zauna tana kallon ta kusa da ita. Tukunya ɗaya ta fi: kunu ko koko da safe, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da dare, in hali ya samu a ƙara shinkafa da wake ko ɗanwake da rana. Matan da ke gidan su riƙa karɓa-karɓa wurin taya mai dahuwa, da yawansu ma sun fi son haka da zaman tagumi. A bar murhu ɗaya na ruwan zafi kullum saboda masu jego.

Hatsi da kaka ake nemanshi, ba da Yuli ba. Ku bi manoman shinkafa na Argungu da Suru, masu albasa na Aliero, masu gero da dawa da wake na ƙasar Zamfara, ku ce buhu ɗaya muke so a shekara. Wanda zai yi nauyin ciro dubu ashirin daga aljihu bai jin komai in ya ce a ɗauki buhu a sito. Wake a zuba shi cikin buhun PICS mai leda biyu ciki don ƙwari, ba sai an barbaɗa mashi magani ba. Makullin sito hannun mutum ɗaya, littafin sito hannun wani.

Kuɗi

Samun wanda zai biya hayar shekara ba shi da wuya, Alhaji ɗaya na iya yi. Abin da ke kashe gida shi ne na kowane wata: albashi, icce ko gas, sabulu, ruwa, kwashe masai, gyaran famfo. Don haka kafin ku karɓi makulli ku tara masu alkawarin wata-wata. A misali mutum 60 kowa naira 5,000 ya zama 300,000 a wata, kuma irin wannan ya fi a dogara ga mutum ɗaya da ranar da kasuwa ta juya mashi baya shi ke nan. Ƙungiyoyin tsoffin ɗalibai, 'yan gari mazauna Abuja da Legas da Kano, matan adashi, masallatan Juma'a da coci-coci, duk wurin nema ne. Kada a buɗe sai akwai kuɗin wata uku a ajiye.

Ku raba aljihu biyu. Malamai da yawa na ganin zakka sai an damƙa ta ga mai haƙƙi, ba a gini da ita, don haka ita a kai ta ga abinci da kuɗin mota da biyan bashin magani, tunda faƙiri da miskini da mai bashi da matafiyin da guzuri ya yanke mashi duk suna cikin kashi takwas na aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Haya da gini da sola kuwa sadaka da wakafi. Ku zauna da malaminku ya tsara muku wannan, a Zamfara ma ga Hukumar Zakka da Wakafi nan sai a je a gabatar da kai. In wani ya tashi ba da wakafi, ku roƙe shi ya haɗa da abin da ke kawo kuɗi, shago biyu a jikin gidan ko gona, yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarshi ta Khaibar, asalin na nan ba a sayarwa ba a gado, amfanin na zuwa ga mabukata har da matafiyi da baƙo. Kuma a rubuta a sa shaidu, magada su sani tun yana raye.

Kada a taɓa tara kuɗi cikin asusun mutum ɗaya, ko waliyyi ne. Da farko ku yi rajistar ƙungiya a ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha da ke kula da ƙungiyoyi, in abu ya kankama ku je CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku yi rajistar amintattu, wadda ke bukatar a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, da banki zai tambaya. Mutum biyu su sa hannu kafin a ciri ko sisi. Ƙarshen kowane wata a tura lissafi a guruf ɗin WhatsApp, abin da ya shigo, abin da ya fita, iyali nawa sunka kwana, dare nawa. Su masu sauka kuwa kada a yanka musu farashi. A aje akwati a zaure, mai hali ya jefa, wani ma tsintsiya ko daddawa zai kawo in ya dawo, a karɓa da hannu biyu.

Ba kowane yaro ke tashi ba, wannan ma a shirya mashi. A aje likkafani, a san wa za a kira don wanka da sallah, a san ko iyali na son a rufe nan ko a kai gida, in gida ne kuma dare ya yi a lallashe su su bari sai safe. Uwar gida ta ja uwar yaron zuwa ɗakinta, kada a bar ta tsakiyar waɗanda nasu ke kwance.

Waɗanda anka sallama da ranar dawowa kuwa, kada aikinku ya tsaya bakin ƙofa. A rubuta ranar cikin littafi da lambar waya biyu, ta uban da ta wani maƙwabci ko mai shagon caji na ƙauyen tunda sabis na wuya. Saura kwana uku a buga, a ce Malam ranar Talata fa likita ke jiran yaro, shimfiɗarku na nan. In ya ce babu kuɗin mota, kada a tura mashi kuɗi a hannu don gida akwai yunwa kuma ba laifinshi ba ne in ya sayi masara da su. Ku yi magana da 'yan yuniyon na tashar garinsu su sa shi mota, a biya direba in ya iso.